Jibjin Yau Ba Takin Jiya Ba Ne

Duk shekara, idan damina ta gabato ko kuwa aka ji wani babban baƙo zai sauka Gure, sai a yi shela a unguwanni da makarantu cewa ranar Asabar ranar tsabta ce. Ƙungiyoyin matasa su fito da tsintsiya da manjagara da baro, mata su ci ɗamara, mu malamai mu jera ɗalibai aji-aji kamar za a yi fareti. Kafin rana ta take an share, an tara, an yi tsibi-tsibi, sannan a kawo ashana. Hayaƙi ya turnuƙe, a ɗauki hoto, a yi jawabi, a watse ana yi wa juna barka. Bayan kwana biyu ko uku, idan wuta ta mutu, sai ga mai amalanke da jakinsa ya zo ya kwashe tokar da baƙar ƙasar da ke ƙarƙashinta, ya nufi gona ko garka. A ganinmu kowa ya ci riba ke nan: gari ya yi fes, manomi ya samu taki kyauta, ƙungiya ta samu abin rubutawa cikin rahotonta na ƙarshen shekara.

Na yi shekaru ina cikin masu riƙe ashanar nan, saboda haka ba wa'azin wanda bai taɓa saɓo ba zan yi. Abin da nake so in faɗa wa ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na raya al'adu shi ne, wannan aikin da muke kira tsabta, a yadda muke gudanar da shi, hanya ce ta kwashe guba daga inda take a tare, a barbaza ta inda ƴaƴanmu ke wasa da inda abincinmu ke tsirowa. Na san maganar ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman waɗanda sunan ƙungiyarsu ya fito ta wannan hanya. To, sai su yi haƙuri su karanta har ƙarshe kafin su ɗauki alƙalami.

Mu fara da kalmar kanta, tun da sana'ata ke nan. Jibji, ko juji, ko bola kamar yadda mutanen Kano suka fi faɗa, ba abin ƙyama ba ne a tunanin Bahaushen dauri. Da abin ƙyama ne, da ba a kamanta dattijo da shi ba, har a ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa zai zuba. Jibji yana haɗiye ƙazanta ya mayar da ita albarka, shi ya sa ya zama misalin haƙuri da girma. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Gure a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, me ake zubarwa a bayan gidajen garin nan? Tokar murhu, kashin awaki da na jakai, kara, ƙaiƙayi, tsumman saƙi, fasasshiyar ƙwarya, ƙashi, tsingaro. Duk daga ƙasa suka fito, kuma damina biyu ta isa ta mayar da mafi yawansu ƙasa. A kan wannan ne aka gina noman kewayen birane a ƙasar Hausa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakai ke shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da mangaloli cike da taki, har ya zama gonakin da ake nomawa kowace shekara babu hutu ba su mutu ba. Hikima ce babba, kuma ba ni da niyyar rena ta.

Sai dai kalmar ta tsaya inda kakanni suka bar ta, abin da take nufi kuwa ya sake sarai. Duk mai shakka ya ɗauki sanda ya je bakin kowane jibji na bayan kasuwa ko na kusa da tasha, ya tona kamu ɗaya. Leda zai fara cin karo da ita. Ita kowa ke zagi domin ita ido ke gani, har aka yi mata doka ta musamman, mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamban 2014, wadda ta hana shigo da ita da sayar da ita. Ledar kuwa tana nan tana kaɗawa a kan ƙayoyi, amma wannan wata magana ce. Ƙarƙashinta ne abin tsoro yake. Akwai matattun pil na rediyo da cocila, waɗanda gwangwaninsu na tutiya ne, cikinsu baƙin garin manganis, wasu kuma da ɗan zaiba da kadmiyom da dalma a gauraye. Cocilolin nan masu arha da ake cajawa, da yawansu ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu. Fitilar lantarki mai farin haske, ta dogon bututu ko mai lanƙwasa, akwai zaiba a cikinta, da ta fashe zaibar ta fita. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya da dalma aka narka shi, yakan kai kilo guda ko fiye a akwati ɗaya. Hanjin tsofaffin rediyo da dalma aka liƙe wayoyinsa. Ga gwangwanin fenti, ga tsohuwar taya, ga baƙin man da bakanike ya tsiyaye daga injin kabu-kabu. Sai uban tafiya, wato batirin mota da na babur da na farantan hasken rana da suka shiga gidajenmu a ƴan shekarun nan, wanda fiye da rabin nauyinsa dalma ne. Shi wannan ba a cika yar da shi ɗungurungum ba, domin yana da kuɗi. Fasa shi ake yi, a tsiyaye ruwansa a ƙasa, a zare dalmar a sayar, a bar wa jibji ɓawon da garin da ke manne da shi.

Ban manta ba, muna ƴan lakkwal, idan allo ya koɗe sai mushe ya aike mu mu tsinto matattun pil. Mu fasa su da dutse, mu kwaɓa baƙin garin da ruwa da ƙaro, mu shafe allon da tafin hannu, mu koma gida da baƙaƙen yatsu mu tsoma su cikin kwanon tuwo. Ba mugunta ya yi ba, Allah ya jiƙansa, iyakar abin da ya sani ke nan. Mu da muka gaje shi, da karatun da muka yi, wane uzuri gare mu?

Da Faransanci ana ce wa waɗannan abubuwa métaux lourds, masu fassara kuma sukan ce ƙarafa masu nauyi. Fassarar daidai take a kan takarda, a kunnen mai sauraro kuwa ba ta ce kome ba, domin ƙarfe mai nauyi a wurin manomi shi ne maƙerar maƙeri ko kan inji, abin da ba a haɗiyewa. Ni na fi son a ce ƙarafa masu guba, a kuma kira kowane da sunansa. Dalma da zaiba da tutiya da jan ƙarfe duk Hausa ta san su tun kafin zuwan Nasara. Kadmiyom da kuromiyom ne baƙi, sai a ara. Kalmar dalma ma tana da nata tarko, tun da a kasuwa ana ce wa tukunyar sanholo tukunyar dalma, har mutane ke ɗaukar dalma abin girki ce. Abin takaicin shi ne sunan ya fi gaskiya bisa yadda muke zato: wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru, waɗanda ake narkawa daga tarkacen mota da na kayan lantarki, ya tarar dalma ta gaske tana fita daga jikinsu idan an dafa abu mai tsami.

Abu guda ya raba waɗannan ƙarafa da sauran ƙazanta, kuma a kansa dukan maganata ta rataya: ba su ruɓewa. Ƙwayar cuta rana na kashe ta, gawar dabba tana narkewa, leda ma da duk taurin kanta takan marmashe. Dalma kuwa dalma ce, yau da gobe da shekara ɗari. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma tun farkon 2006, duniya gaba ɗaya ta rabu da shi a 2021 da Aljeriya ta ƙarar da nata, amma har yau masu auna ƙasa suna tarar da dalmarsa a gefen manyan hanyoyin tsofaffin birane. Wuta kuma ba ta kashe ƙarfe. Abin da wuta ke yi shi ne ta cinye kara da takarda da tsumma da leda, tsibin da ya kai ƙirjin mutum ya koma bai wuce gwiwa ba, ƙarfen da ke ciki kuwa yana nan, sai ma ya ƙara kauri cikin ƴar tokar da ta rage, kamar yadda gishirin miya ke ƙara fitowa idan ruwanta ya ƙone. Bugu da ƙari, wutar takan fasa gwangwanin pil da ɓawon batir, ta mayar da abin da yake a rufe gari mai laushi wanda iska ke ɗauka. Zaiba kuma, da wani kaso na kadmiyom da dalma, suna bin hayaƙi, hayaƙin da muke tsayar da ɗaruruwan ɗalibai kusa da shi suna tafi. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Mu muna ƙonawa ba mu san ko me tokar ta ƙunsa ba.

Ta ina gubar ke shiga jiki? Mafi yawanta ta hannun yaro da bakinsa. Yaron da ke rarrafe yana cin ƙasa, wanda ya tasa yana tonon jibji neman gwangwanin ƙera mota, almajiri da ɗan jari-bola kuwa can suke wuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙaramin yaro yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsa daga abin da ya haɗiya, balle yaron da ke fama da tamowa ko ƙarancin jini, wanda jikinsa ke karɓar dalma a madadin sinadaran da ya rasa. Idan ta shiga, ƙwaƙwalwa take nufa, ta rage kaifin fahimta da natsuwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Saura ta kwanta cikin ƙashi shekaru masu yawa, yarinyar da ta haɗiye ta tana ƴar shekara uku ta girma ta yi ciki, dalmar ta sauko daga ƙashinta ta shiga jinin ɗan tayi. Kadmiyom ƙoda yake zama, sai ya shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A lardin Toyama na Japan, inda ya shiga shinkafa ta ruwan ban-ruwa, ya lalata ƙodar mata manoma da ƙasusuwansu, har gwamnatin ƙasar ta amsa a 1968 cewa shi ne sanadin ciwon. A 2020 UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, wato kusan miliyan 800, yana ɗauke da dalma a jininsa har ta kai matakin da ya kamata a ɗauki mataki. Ban ce kowane ɗalibin da ya kasa riƙe darasi dalma ce ta taɓa shi ba; yunwa da zazzaɓin cizon sauro da cunkoson aji sun ishe shi. Amma malamin da ke zagin yaro daƙiƙi ranar Litinin, bayan ya tsayar da shi cikin hayaƙin batir ranar Asabar, ya kamata ya ɗan sassauta harshensa.

Dabbobi ma ba su tsira ba, alhali kuwa Gure ƙasar kiwo ce. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa lasar tsohon batir na cikin manyan hanyoyin da dalma ke kashe shanu. Awakin gari a jibji suke kalaci, abin da suka ci kuma hanta da ƙoda yake taruwa, su ne kuwa muke tsirewa mu ba yara don marmari.

Ƙasarmu kuma ba irin wadda ke rufa asiri ba ce. Laka da ruɓaɓɓen ganye su ne ke kama ƙarfe su riƙe shi, rairayi kuwa rariya ne, abin da ka zuba masa ko ya zarce ƙasa da ruwa ko ya tashi sama da iska. Wanda ya taɓa yin hunturu a Gure ya san inda ƙurar jibji ke kwana: cikin randa, kan shanya, kan tabarmar jariri. Sannan ga kwaruruka, arzikin wannan yanki, inda dabino da goruba da rogo da kayan miya ke rayuwa tsakanin tuddan rairayi. Masanan Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da takwarorinsu na Beljiyom sun shekara suna nazarin kwarurukan Gure, kuma bisa zurfin ruwa suka kasa su: akwai waɗanda ruwansu bai kai mita 1.5 ba, akwai na tsakanin nan da mita 4, akwai masu zurfi. Abin da ka binne a irin wannan wuri tamkar bakin rijiya ka ajiye shi. Wanda ya san kimiyya zai ce mini kanwar da ke cikin ƙasar kwari, da ita kanta tokar, suna ɗaure dalma su hana saiwa shan ta da yawa. Haka ne, na yarda, kuma ƙwayar gero ba ta ɗaukar ƙarfe kamar yadda ganye ke ɗauka. Amma ɗaurarriyar dalma tana nan a saman ƙasa, inda ruwan ban-ruwa ke fantsala ta kan salati da shu, inda ɗan mai garka ke zaune yana wasa, kadmiyom kuwa ganye na shan sa cikin sauƙi fiye da dalma. Shekara da shekaru muna kafa shingayen kara da dasa itatuwa don kada rairayi ya binne kwaruruka, sannan mu da kanmu mu riƙa loda musu tokar pil a amalanke.

Na san amsar da za a fara ba ni, domin na sha jin ta a ɗakin malamai: Gure ba ta da masana'anta, wannan ciwon manyan birane ne. Lalle Kano tana da Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda majemu da masaƙu ke sako ruwansu, kuma binciken da Nafi'u Abdu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya buga da abokan aikinsa a 2011 ya nuna yadda kadmiyom da tutiya suka taru a lambunan birnin da ake shayarwa da gurɓataccen ruwa. Lalle kuma Yamai ta fi mu shara, kuma a can ne Abdurahaman Tankari Ɗan-Bajo na sashen aikin gona na Jami'ar Abdu Mumuni, tare da wasu masana na nan gida da na Faransa, suka auna salati da shu na kwarin Gunti Yena, suka buga sakamakon a 2013, bayan sun tarar da dalma da tutiya da wasu ƙarafa cikin ganyen da mutanen babban birni ke saya. To, amma wace masana'anta ce a unguwar Ngagne Diaw ta Thiaroye, bakin teku kusa da Dakar? Babu ko ɗaya. Talakawa ne ke fasa tsofaffin batira a fili tun wajen 1995, dalma ta yi ta zuba cikin rairayin unguwar. Da farashinta ya tashi, sai mata suka shiga kwasar ƙasar suna kaiwa gida suna tankaɗewa don su tsince ta su sayar, da goyo a bayansu. Tsakanin Nuwamban 2007 da Maris na 2008 yara 18 suka mutu, da aka auna jinin mutum 81 na unguwar kuma aka tarar duka gubar ta kama su. Guduma da rariya da talauci kaɗai suka yi wannan aiki, kuma dukansu muna da su.

Kusa da mu ma akwai darasi. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Ƴargalma. Fiye da yara 400 suka rasu. Tushen abin dutsen zinariya ne mai dalma da ake dakawa cikin gidaje, ba jibji ba, ban ɓoye wannan ba. Abin da ya shafe mu shi ne yadda aka yi maganinsa. Ba a iya wanke ƙasar ba, ba a iya ƙona gubar ba; sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa da fartanya ana zubawa a buhu, ana kaiwa rami ana binnewa, ana kawo sabuwa ana shimfiɗawa, don kada yaran da aka ba magani su koma su sake haɗiya. Garin Bagega sai a 2013 aka samu kuɗin yi masa haka. Wa zai zo ya kankare mana garkunan Gure? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amsa ta biyu ita ce ta masu ilimi, waɗanda ke cewa in kawo alƙaluman Gure, ba na Dakar ba. Madalla da wannan buƙata, ni ma ita nake yi, sai dai ba ga malamin Hausa ya kamata a miƙa ta ba. Jami'ar André Salifou tana Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 160 daga nan; cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, tana da ɗakin auna ƙasa; akwai ma ƴar na'urar hannu da aka yi aiki da ita a Zamfara, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar cikinta nan take. Ƙungiyoyin da suka iya rubuta takardar neman tallafin bikin kalankuwa sun iya rubuta ta neman a zo a auna jibjin kasuwa da garkunan da aka fi kai wa toka. Amma kafin ma'auni ya iso, wanda ya ga an jefa batir cikin wuta ba ya bukatar digiri ya san ba a gyaɗa ya koma ba.

Amsa ta uku ce mai nauyi, kuma ita ce ta daɗe tana rufe mini baki. Manomi ne ke yin ta, ba ɗan boko ba. Ya ce: malam, gonata rairayi ce, ta gaji, buhun takin zamani ya fi ƙarfina, dabbobina ba su da yawa, kuma na gani da idona inda na zuba tokar jibji gero ya fi tsawo. Gaskiya ya faɗa. A 2004 Margaret Pasquini da Michael Alexander na Jami'ar Durham sun buga nazarin tokar sharar gari da manoman rani na Jos ke saya, suka tarar tana ƙunshe da abincin shuka sosai, amma abin da ke cikinta yana bambanta daga tsibi zuwa tsibi, har da ƙarafa masu guba. Nan ne tarkon yake: amfanin ana ganin sa cikin damina guda, cutar kuwa a ɓoye take tana taruwa, amalanke bayan amalanke. Wanda ya ce wa wannan manomi ya bar taki bai san yunwa ba. Ni ban ce ya bari ba. Mafi yawan abin da ke cikin shararmu har yanzu rairayin tsakar gida ne da toka da kashin dabbobi da ɓawo, wato takin kakanni sak. Abin da ke ɓata shi ɗan kaɗan ne, wanda bai cika kwano ba a amalanke guda, kuma ido na ganin sa muddin ba a ƙona ba. Raba pil da kashin akuya kafin su haɗu aikin yaro ne. Raba su bayan wuta ta gauraya su, ko jami'a ba ta iyawa.

Doka akwai ta. Dokar ƙasa mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamban 1998 kan kula da muhalli ta hana zubar da shara ta hanyar da za ta cuci ƙasa da ruwa da lafiyar mutane. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kwasar shara ta koma wuyansu, da aka rusa majalisunsu a watan Afrilun 2024 kuma nauyin ya koma kan kantomomi. Haƙƙinsu ne su keɓe wurin zubar da shara nesa da kwari da rijiya, su killace shi, su hana fasa batir cikin unguwa. Amma ba zan ɓata tawada a kansu ba, domin zagin hukuma shi ne sana'ar da muka fi ƙwarewa a kai, kuma shi ne ke ba mu damar wanke hannu. Ba kantoma ne ke kawo ashana ranar tsabta ba. Mu ne.

Ƙungiyoyinmu jikokin gayya ne da samariya, kuma abin alfahari ne a ce har yau kira ɗaya na fito da unguwa guda. Sai dai da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ranar tsabtar da za ta ƙare da wuta, gara a bar sharar inda take, ko ba kome pil ɗin na cikin gwangwaninsa. Ba ƙin tashi nake kira a yi ba, sauya rawar nake nema. A share, amma kafin a tara a tsince: pil da ƙananan batira da fitilu gefe guda, leda gefe guda, abin da ke ruɓewa a zuba rami a yayyafa masa ruwa a rufe shi, kafin shuka ya zama taki. Kowace makaranta ta samu tsohuwar ganga mai murfi, a ajiye ta a inuwa inda ruwa ba ya taɓa ta, yara su riƙa kawo matattun pil daga gida, malami ya karɓa, su wanke hannu. A ƙasa mai ƙarancin ruwan sama irin tamu, busasshiyar ganga a rufe ta fi kowane jibji aminci har a samu inda za a kai ta. Batirin mota da na hasken rana a mayar da shi ga mai saye yadda yake, da ruwansa, kada a fasa shi a tsakar gida. Masu wasan kwaikwayo da mawaƙanmu, da suka iya sa gari ya yi dariya kan auren dole da rigakafin shan-inna, su ɗauki wannan ma. Kuma a faɗe shi da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci, domin sakamakon Gunti Yena da Faransanci aka rubuta shi, matar da ke share tsakar gida tana zuba pil cikin shara kuwa ba da shi take mafarki ba.

A makarantar da nake koyarwa mun ajiye gangar bara, bayan gardama mai tsawo da wani abokin aiki da ya ce na mayar da ɗalibai ƴan jari-bola. Ranar tsabta ta farko da ba mu kunna wuta ba, mai amalanken da ya saba zuwa ya iso ranar Talata, ya tarar babu toka, ya tsaya yana duban mu kamar mun ci masa amana. Na kai shi bakin ramin da muka zuba ganye da kashin awaki, na ce ya dawo bayan wata uku. Bai ce kome ba, ya juya jakinsa. Ya dawo kuwa, ya yi sawu biyu. Gangar ta wuce rabi yanzu, kuma mafi yawan abin da ke cikinta ƴan mata ne suka kawo, daga ƙarƙashin gadajen iyayensu mata.